Kafin a zargi mai riƙe da waya, a dubi wanda ya tsara wasan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne kan wata magana da nake yawan ji duk lokacin da aka taɓo batun wasannin waya da na kwamfuta. Wasu su ce yara da matasa sun rasa kamun kai, gem ta cinye musu lokaci da hankali. Wasu kuma su ce a bar su, ai wasa ne kawai. Sana'ata ita ce tsara fuskar manhajoji: ni nake yanke inda madanni zai zauna, da girmansa, da launinsa, da abin da zai fito bayan an taɓa shi. Saboda haka nake ganin ɓangarorin nan biyu duk sun tsallake mutum na uku, wanda ya fi kowa iko a lamarin, wato wanda ya zauna ya tsara wasan.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarar da kake ji idan ka ci mataki, da girgizar da allon ke yi, da daƙiƙa biyun da ake sa ka jira kafin akwati ya buɗe, da sa'ar da sanarwa ke faɗowa wayarka, duk wani ne ya zaɓe su. Sau da yawa ma sai da aka gwada su a kan dubban mutane, aka ga wanda ya fi riƙe su, sannan aka bar shi.

Ina ƙaunar wannan sana'a, don haka bari in fara da kyakkyawar fuskarta. A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros., ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Har yau duk mai koyon tsara wasa sai an zaunar da shi ya nazarci matakinsa na farko. An ajiye Mario a gefen hagu yana fuskantar dama, gabansa fili, don haka ba sai an ce maka ka tafi dama ba. Sai ga wata 'yar halitta tana tahowa a hankali. Idan ka tsaya ta taɓa ka, ka mutu, amma ba ka yi asarar komai ba tunda yanzu ka fara, kuma ka koyi cewa tsalle ake yi. Ka buga wani akwati da kai, sai wani naman kaza ya fito, ya gangara, ya bugi bututu ya juyo kanka. Da yake ya yi kama da abin da ya kashe ka ɗazu, za ka so ka tsallake shi, amma tubalan da ke saman kanka sun matse wurin, sai ya taɓa ka, sai ka ga ka girma. Can gaba akwai matakala biyu da rata a tsakaninsu, ƙasan ratar kuwa a shafe take, in ka faɗa ba abin da zai same ka. Bayanta sai ga irinta sak, amma wannan karon rami ne na gaske. An ba ka wurin gwaji kafin jarrabawa, kuma duk wannan koyarwar ba a rubuta maka ko kalma ɗaya ba. Wanda ya tsara wannan ya girmama hankalin mai wasa. Ya yarda cewa in an shirya wuri da kyau, yaro ɗan shekara shida zai gane da kansa.

Akwai ƙa'idar da muka gada daga Don Norman, wanda ya rubuta littafi a 1988 kan tsarin kayan amfanin yau da kullum. Misalinsa da ya fi shahara ƙofa ce: idan mutane suna ta tura ƙofar da ja ake yi, laifin ƙofar ne da wanda ya ƙera mata mariƙi, domin siffar mariƙin ce ta gaya wa hannu abin da zai yi. Duk mai wannan sana'a ya yarda da haka idan ana maganar ƙofa ko famfo ko manhajar banki. To, in mun yarda cewa tsari ne ke jan hannun mutum, da wane dalili za mu musanta hakan idan wasa ya riƙe yaro har asuba? A nan ne nake ganin ana yi wa masu wasa rashin adalci.

Daɗin wasa na gaske ba abin kunya ba ne, kuma an yi nazarinsa. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya shafe shekaru yana tambayar masu zane da masu hawan duwatsu da likitocin tiyata da 'yan wasan dara irin ta Turai game da lokacin da suke nutsewa cikin aiki har su manta da agogo. Ya gano cewa hakan na faruwa ne idan wahalar aikin ta yi daidai da ƙwarewar mai yin sa, kuma yana ganin sakamakon kowane motsi nan take. In aikin ya fi ƙarfinka ka karaya, in ya yi maka sauƙi ka gundura. Tetris, wasan jera tubalan da ke faɗowa daga saman allo, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, kusan a kan wannan kaɗai ya tsaya: kana ƙwarewa, tubalan na ƙara sauri. Wani abin lura a cikinsa shi ne, layin da ka cika ɓacewa yake yi, kurakuranka ne kawai ke tsayawa a gabanka suna jiran gyara. Tun 1927 Bluma Zeigarnik ta rubuta a Jamus cewa aikin da ba a kammala ba ya fi maƙalewa a zuciya, kuma masu tsara wasa sun riƙe wannan magana gam.

Har ƙarya ma akwai ta alheri a wannan aiki. A wasan Celeste na 2018, wanda aka san shi da wahala, idan ƙafarka ta bar bakin dutse kafin ka danna tsalle, ana ba ka wani ɗan ƙanƙanin lokaci da tsallen zai yi aiki duk da cewa kana iska. Mai wasa bai san an yi masa ba, shi dai yana jin cewa wasan na biye wa niyyarsa. An san rauninsa, an rufa masa asiri.

Ilimin da ya haifar da waɗannan shi ne dai ya haifar da abin da nake kuka da shi, kuma abin da ya raba su hanyar samun kuɗi ce. A da, ka sayi wasa sau ɗaya ka kai gida. Ribar kamfani ita ce ka ji daɗi, ka gama, ka sayi na gaba. Yanzu yawancin wasannin waya kyauta ake saukewa, kuɗin yana fitowa ne daga talla da sayayyar cikin wasa. Saboda haka abin da ake aunawa ya canja. A ɗakin taro, lambobin da ake sakawa a allo su ne: cikin waɗanda suka sauke jiya mutum nawa suka dawo yau, nawa suka dawo bayan kwana 7, nawa bayan kwana 30, kuma nawa kowannensu ya kashe. Na zauna a irin wannan taro. A wani wuri da na yi aiki an taɓa raba masu amfani da manhaja gida biyu, rabi aka nuna musu madannin fita a sarari, rabi aka dusashe musu launinsa aka tura shi kusurwa. Kashi na biyu suka fi daɗewa a ciki, sai aka ce tsari na biyu ya ci. Babu mugu ko ɗaya a ɗakin nan, mutane ne masu iyali, masu kirki. Amma lamba ba ta bambance wanda ya zauna don yana jin daɗi da wanda ya zauna don bai ga ƙofa ba, kuma ba ta bambance wanda ya dawo don marmari da wanda ya dawo don tsoron asara.

Asalin dabarar da ta fi kowace ƙarfi a ɗakin gwaji take. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya riƙa sa tattabaru cikin akwati mai madanni, in tsuntsu ya tsattsagi madannin hatsi ya zubo. A littafin da ya rubuta da Charles Ferster a 1957 sun nuna cewa idan hatsin na zubowa a kan ƙa'ida sananniya, tsuntsun yakan ci ya ɗan huta. Idan kuwa ba a san karo na nawa zai zubo ba, wani lokaci na uku, wani lokaci na arba'in, sai ya yi ta tsattsaga ba tsayawa, kuma ko an daina zuba hatsin gaba ɗaya yakan daɗe bai haƙura ba. Skinner da kansa ya faɗa cewa a kan wannan tsari injinan caca ke aiki. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya bibiyi ƙwaƙwalwar birai, ya ga ƙwayoyin da ke sakin dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da marmarin tukwici, suna tashi ne idan tukwici ya zo ba zato, kuma da zarar biri ya koyi alamar da ke gabatar tukwicin, sai tashin ya koma kan alamar. Jira da rashin tabbas su ne ke kunna mutum fiye da samun abin kansa.

Yanzu a dubi akwatin sa'a da ake sayarwa a cikin wasanni. Ka biya kuɗi na gaske, a ba ka akwati ko ƙunshin kati, ba ka san abin da ke ciki ba. Yana girgiza, haske na fita, kiɗa na hawa, sannan ya buɗe. Yawanci tarkace ne, jefi-jefi kuma ɗan wasan ƙwallon da kowa ke nema ko makamin da ba kowa ke da shi ba. A wasu ma ana nuna maka kyaututtukan suna wucewa a jere, babbar ta gifta ta tsaya dab da kibiya. Sakamakon an riga an yanke shi tun lokacin da ka danna, juyawar nan duk nuni ne. A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge sun nuna cewa irin wannan "saura kaɗan" yana motsa wasu sassan ƙwaƙwalwa da cin nasara ke motsawa, kuma yana ƙara wa mutum son sake gwadawa duk da cewa faɗuwa ya yi. Natasha Dow Schüll, wadda ta yi shekaru tana bincike a gidajen cacar Las Vegas, ta rubuta a 2012 cewa da yawa daga waɗanda suka kamu da injinan ba cin kuɗi suke nema ba, so suke kawai su ci gaba da zama cikin wannan yanayi da duniya ke ɓace musu. Wannan injin ne aka cire daga gidan caca, inda aƙalla ake duba shekarun mai shiga, aka sa masa launuka masu haske aka miƙa wa ɗan shekara goma. Ban san wani suna da ya dace da shi ba in ba caca ba.

Akwai kuma dabarun da ba su kai nan muni ba amma sun fi yaɗuwa. A Candy Crush Saga, wanda ya fito a 2012, rai biyar ake ba ka, kowane rai da ka rasa sai ka jira minti 30 ya dawo. Idan motsinka ya ƙare kana dab da cin mataki, a daidai wannan lokacin ake yi maka tayin ƙarin motsi biyar da kuɗi. An zaɓi daƙiƙar da haushinka ya kai ƙarshe, hukuncinka kuma ya fi rauni. Sannan a irin waɗannan wasanni ba a cika rubuta maka farashi da kuɗin da ka sani ba. Sai ka fara sayen zinare ko lu'ulu'u na cikin wasa, da su za ka yi sayayya, kuma ƙunshin da ake sayarwa ba ya cika yin daidai da farashin kaya, kullum da ragowar da ba ta isa komai ba sai ka ƙara. Kafin ka lissafa nawa abu ya tsaya maka, ka riga ka danna.

Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa. Wasan noma na FarmVille na 2009 ya gina daula a kan wannan: ka shuka, in ba ka dawo kan lokaci ba amfanin ya bushe. Jerin kwanakin shiga ba fashi da Snapchat da manhajar koyon harshe ta Duolingo ke ƙirga wa mutum daga nan ya samo tushe. A kan Duolingo ra'ayina a rabe yake, domin wanda ya sauke shi da ma yana son koyon harshe, kuma maimaici na kullum shi ne hanyar koyo. Amma na ga mutanen da ke buɗe shi kafin sha biyun dare su zaɓi darasin da ya fi sauƙi don kawai kar lambar ta koma sifiri. Harshen ya fita daga lissafi, lambar ake yi wa hidima. Mark Lepper da abokan aikinsa sun hango wannan tun 1973, da suka ɗauki ƙananan yara masu son zane suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo. Daga baya, da aka bar su su zaɓi abin da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin suka rage zane. Tukwici na iya cinye son da ya tarar.

Ko layin nan da ke cika a hankali yana nuna maka saura kaɗan ka kai mataki na gaba, da wuya ka gan shi ya fara daga sifiri. A 2006 Joseph Nunes da Xavier Drèze sun raba katuna a wurin wankin mota. Wasu katunan na buƙatar hatimi 8 a samu wanki kyauta, wasu na buƙatar 10 amma an riga an buga 2. Aikin ɗaya ne, amma kashi 34 cikin ɗari na masu kati na biyu suka cika, na farko kuwa kashi 19.

Hausawa na cewa laifin daɗi ƙarewa. Masu wannan salon sun cire ƙarewar, kuma a ganina daɗin ya bi ta ya tafi. Littafi yana da ƙarshen babi, wasan ƙwallo yana da busar tashi, tsofaffin wasannin kwamfuta suna da allon da ke cewa ka gama. A waɗannan gaɓoɓin ne mutum ke ɗaga kai ya tambayi kansa ko ya isa haka. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar shafin da ake ta ja ba ya ƙarewa a 2006, ya fito daga baya ya nuna nadamarsa. Kuma ba dole ba ne a yi haka kafin a samu kasuwa. World of Warcraft na 2004 yana ƙara wa mai wasa maki idan ya tafi ya huta ya dawo. Wordle, wasan cankar kalma wanda Josh Wardle ya saki a 2021, kalma ɗaya yake bayarwa a rana, gwaji shida, ka ci ko ka faɗi sai gobe. Miliyoyin mutane suka so shi a haka, har jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022.

Hukumomi sun fara farkawa. A 2012 Japan ta hana wani nau'in sayar da sa'a wanda sai ka haɗa cikakken jerin kaya ta hanyar ƙuri'a kafin a ba ka babbar kyauta. A 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane abu a akwatin sa'a, Apple ma ya sa irin wannan sharaɗi a kasuwar manhajojinsa a ƙarshen shekarar. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar. A Disambar 2022 Epic Games, masu Fortnite, suka amince da biyan dala miliyan 520 a sulhu da hukumar kare masu sayayya ta Amurka. Dala miliyan 245 daga ciki ta mayar wa mutane kuɗinsu ce, saboda zargin cewa an tsara madannai ta yadda danna ɗaya bisa kuskure, ko lokacin da wasa ke lodi, ke cire kuɗi. Wurin zaman madanni ne fa ake magana a kai, irin shawarar da ni da abokan sana'ata muke yankewa kowace rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022, amma ta bayyana cewa kaso kaɗan ne na masu wasa ke kaiwa wannan hali, kuma sai abin ya lalata karatu ko aiki ko zaman iyali, yawanci na tsawon wata 12. Ina kawo wannan ne don kar a ɗauki wasiƙata a matsayin hujjar ƙwace waya daga hannun kowane yaro. Yaron da ke gina gari a Minecraft da abokansa yana yanke shawara, yana gwadawa, yana koyon aiki tare. Ba halinsu ɗaya da wanda ke buɗe akwati na hamsin yana jiran sa'a ba, ko da awanninsu a kan allo sun zo daidai. Ban kuma ce mai wasa da iyayensa ba su da nasu nauyin ba. Sai dai a tuna da yadda karon yake: a gefe guda yaro ɗaya da ƙarfe sha ɗaya na dare, a ɗaya gefen ƙungiyar ƙwararru da bayanan miliyoyin mutane.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne idan za ku yi rubutu kan wannan batu, ku sa wakilinku ya sauke wasan ya buga, ya lura da abin da ke faruwa a lokacin da ya so ajiyewa. Ya ga ko an bar shi ya tafi lafiya, ko kuwa an yi masa barazanar rasa abin da ya tara. Ya duba ko ana sayar da sa'a, in ana sayarwa ko an rubuta yiwuwar samu a inda ido zai gani, ya kuma lissafa wa masu karatu farashin kayan ciki da kuɗi na gaske. Iyaye kuma a nuna musu cewa wayoyin Android da iPhone duk suna da wurin da ake sa kalmar sirri kafin kowace sayayya, da wurin kashe sanarwar wasa ɗaya ba tare da goge shi ba, domin da yawa ba su san akwai ba.

Akwai kuma matasa masu koyon haɗa manhajoji da ke karanta jaridarku. Za a miƙa musu waɗannan dabaru a darussan intanet a matsayin yadda ake aiki, ba tare da an gaya musu cewa daga akwatin tattabaru da gidan caca aka kwaso su ba. Ina fata ku ba da fili a riƙa tattauna wannan da su, kuma a shirye nake in amsa tambayar duk wanda ya rubuto ta hannunku.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Mai sana'ar tsara manhajoji